Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Rubuta Labarin 'Yan 63NA Tun Suna da Sauran Numfashi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, tare da addu'ar Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka.

Ni malamin makaranta ne a Kaduna, ɗan tsohon soja. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, har ya tuɓe kaki bai wuce kofur ba, saboda haka sunansa ba zai amfane ka da komai ba, kuma shi kansa ba mutum ne mai son a nuna shi da yatsa ba. Abin da zan faɗa maka kawai, lambarsa ta soja da 63NA ta fara. Duk wanda ya tashi a bariki ya san masu wannan lamba. A cikinsu ne akasarin ƙananan sojojin da suka yi yaƙin basasa suke, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970.

Kada gabanka ya faɗi, ba kukan fansho na kawo ba. Masu wannan kuka suna nan, kana ganinsu lokaci-lokaci sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatu a Abuja, kuma bakinsu ya ishe su. Nawa kukan daban ne, kuma ya fi nasu gaggawa, domin bashin kuɗi ana iya biyan magada, wanda nake magana a kai kuwa in mai shi ya shiga ƙasa ya tafi ke nan.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu nakan kunna talabijin in kalli bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Shugaban ƙasa ya taka a hankali ya ajiye furanni, manyan hafsoshi su biyo baya, a busa bigila, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. An zaɓi ranar ne domin a irinta, a 1970, Philip Effiong, wanda ragamar Biyafara ta rage a hannunsa, ya zo barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon. Kafin haka 11 ga Nuwamba ake yi, yadda Turawan Ingila suka bar mana. Ba ni da ja a kan bikin. Abin da kan tsaya mini a rai shi ne sunan da aka ba wanda ake ajiye wa furannin, wai sojan da ba a san ko wane ne ba. Ranka ya daɗe, mu mun san shi. A gidanmu yake kwana, shi ke tashinmu sallar asuba, kuma mun sha jin ihunsa cikin barci.

Bari in ba ka labarinsa yadda na tsinto shi, guntu-guntu, domin Baba bai taɓa zama ya jero shi ba.

A wani ƙauye na ƙasar Zazzau aka haife shi. Karatun allo, noma da damina, in an yi girbi a tafi cin rani. Yana dako a kasuwar Kaduna aka wayi gari ranar 15 ga Janairu 1966 da labarin an kashe Sardauna a gidansa, an tafi da Tafawa Ɓalewa a Legas, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da wasu manya. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ko da yake ba kowa ke son faɗa ba: tarzomar watan Mayu, juyin mulkin 29 ga Yuli, da kashe-kashen Satumba da Oktoba da suka sa 'yan ƙabilar Ibo suka kwashe daga garuruwan Arewa suka koma gida, waɗanda suka tsira ke nan. Baba ya ga jiragen ƙasa cike maƙil suna barin tashar Kaduna. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, ranar 6 ga Yuli aka harba harsashin farko a Gakem, kusa da Ogoja. Gwamnati ta ce ɗan aiki ne irin na 'yan sanda, yanzu-yanzu za a gama. Sai da aka yi wata talatin.

Kafin yaƙi sojojin Nijeriya duka-duka 10,000 ne da 'yan kai. Kafin a gama sun doshi 250,000. Wannan tazara da su Baba aka cike ta: manoma, 'yan dako, 'yan dokar En'e, masu gadi, yaran da suka bar aji, da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, waɗanda aka sake kira bayan shekara ashirin da ajiye bindiga. Na taɓa tambayarsa, lokacin ina saurayi ina ji da boko, ko kishin haɗin kan Nijeriya ne ya kai shi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a wancan lokacin Nijeriyarsa daga Zariya ta fara a Kaduna ta ƙare, Kwara ma jin ta yake a baki, bai taɓa ganinta ba. Akwai haushin abin da aka yi wa Sardauna, wannan bai ɓoye ba. Akwai albashin wata-wata, abin da ɗan dako ko a mafarki bai sani ba. Amma abin da ya ɗaga ƙafarsa ya sa shi a layi amininsa ne, wanda suka yi allo tare, aka yi musu kaciya rana ɗaya. Shi ya riga ya ba da sunansa, Baba kuwa ya ga ba zai iya komawa ƙauye shi kaɗai ya haɗa ido da uwar yaron ba.

Aka kai su Defo a Zariya. Horon da a da kurtu kan yi wata da watanni yana yi, aka dunƙule musu shi cikin 'yan makonni: aski ƙwal-kwabo, fareti, kwance bindiga da ɗaura ta, harbi kaɗan, shi ke nan an zama soja. Samanjansu wani Badakkare ne daga Zuru da ya yi Bama, mai zagi da wata irin Hausar bariki da Baba ke kwaikwaya mana in ransa ya yi fari. A nan zan ɗan ratse. Har yau akwai masu cewa sojojin Hausa ne suka yi yaƙin. Hausa dai ita ce harshen bariki, amma a ramin da Baba ya kwana akwai Tibi da Angas da Bacama da Jukunawa da Idoma da Barebari da Yarabawa, mai salla da mai zuwa coci, kuma da yawa cikin waɗanda suka fi shan wuta 'yan tsakiyar ƙasar nan ne. In ba a rubuta ba wannan ma zai ɓace, a bar mu da tatsuniyar da kowane ɓangare ya ga ta yi masa daɗi.

Rabonsu ya faɗa Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa a ƙarƙashin Murtala Muhammed bayan dakarun Biyafara sun kutsa Jihar Tsakiyar Yamma ranar 9 ga Agusta 1967 har suka kai Ore. Rundunar ta ƙwato Benin a Satumba, ta isa Asaba farkon Oktoba, ta tarar an karya gadar Neja. Aka yanke shawarar a haye Anacha ta ruwa. Aka gwada, aka sake gwadawa, kowane karo ruwa da wuta suka cinye mutane, da yawansu yaran tudu ne da ko a rafin ƙauyensu ba su iya ninƙaya ba, ga kaya a baya, ga but a ƙafa. Gurbin waɗannan aka kawo su Baba su cike.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranka ya daɗe. Su Baba sun iso Asaba bayan mai afkuwa ta afku. Ranar 7 ga Oktoba 1967 mutanen garin sun fito da fararen kaya suna rawa da waƙar goyon bayan Nijeriya ɗaya, aka ware maza daga mata a Ogbe-Osowa, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Sojojin tarayya ne suka yi, masu kaki irin na ubana. Duk abin da ya taɓa gaya mini game da garin bai wuce magana ɗaya ba: "Mun tarar da gari ba maza." Daga nan ya ja carbinsa, na san an rufe zancen. Mutanen Asaba sun tattara sunayen matattunsu, duk shekara suna tunawa da su, kuma sun yi daidai. Ɗan soja ne ni, amma ban ga abin da zai sa in ƙi jin tasu don in kare tamu ba. Wanda ya nemi a rubuta wahalar ubansa, dole ya yarda a rubuta har da abin da abokan ubansa suka aikata.

Da hayewa ta ruwa ta gagara, aka zagaya da rundunar ta Idah, ta gangaro ta ƙasa, ta bi ta Awka, ta shiga Anacha a watan Maris 1968. A ƙarshen watan ne wani dogon ayarin motoci, kusan ɗari, ɗauke da sojoji da harsasai da man fetur, ya biyo hanyar Inugu zuwa Anacha. A Abagana 'yan Biyafara suka yi masa kwanton ɓauna. Aka sami tankar mai, wuta ta bi ayarin mota bayan mota, harsasan da ke ciki suka riƙa tashi da kansu. Baba yana wajen wutsiyar ayarin, ya faɗa daji, ya tsira da ƙuna a kafaɗa da hannu. Amininsa yana gaba. Ba a sami abin da za a yi wa wanka ba, balle sutura.

Har ƙarshen ransa, in ranar layya ta zo aka fara babbaka kai da ƙafa a tsakar gida, Baba sai ya ɗauki butarsa ya fice, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya. Muna yara mun ɗauka wata ibada ce tasa ta daban. Sai da na yi aure Innarmu ta gaya mini cewa ƙaurin ne ba ya iya shaƙa.

Sauran yaƙin, in ji shi, zaman rami ne. Wannan ne littattafan manya ba su cika faɗa ba, domin a taswira ba ya nuna komai. Wata da watanni a gefen Anacha, ga ruwan sama da bai san irinsa ba, ga sauro, ƙafa ta jiƙe cikin but har fata ta saluɓe. Garin rogo da kifin gwangwani in mota ta iso. In ba ta iso ba a shiga gonar mutane a tono doya. Salla a zaune cikin rami, da taimama, bindiga a cinya. Kowa da layarsa, mai salla da mai coci, kuma Baba ya ce ya ga mai guru uku a ƙugu da ogbunigwe ta tashi da shi. Ita ce nakiyar da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, suna ɗura mata ƙusoshi da guntayen ƙarfe, kuma a wurin ƙananan sojoji tsoronta ya fi na igwa. Da yake ya yi allo, shi ne mai rubuta wa 'yan sashensu wasiƙa da ajami. Ya ce duk wasiƙun kusan iri ɗaya ne: ina lafiya, a gai da Inna, a biya mini haraji, kada a sayar da akuyata, kada a ba wani yarinyar nan. Ko mutum na rawar ɗari da zazzaɓi, ko jiya aka binne na kusa da shi, ina lafiya zai ce a rubuta.

Sai yunwa. An toshe wa Biyafara hanyar ruwa da ta ƙasa, abincin agaji sai ta filin jirgin Uli cikin dare. Duniya ta ga yaran a jarida, su Baba da ido suka gan su, lokacin da Ojukwu ya tashi zuwa Kodibuwa a Janairu 1970, Effiong ya yi jawabin ajiye makamai ranar 12 ga wata, mutane suka fara fitowa daga daji. Yara masu jan gashi, ciki kamar tulu, ƙafafu kamar kara, ko kuka ba sa yi. Ya ce wasu sojoji sun juye musu abincinsu, wasu kuma sun yi abin da ba ya faɗuwa, duk a bataliya ɗaya. Har ya koma ga Allah, in yana cin abinci yaro ya tsaya yana kallonsa, ya gama ci ke nan, sai ya tura masa kwanon.

Da ya sami hutu ya koma ƙauye, abin da ya guda tun farko shi ya same shi: ya durƙusa shi kaɗai gaban uwar amininsa. Ta saurare shi har ya kai aya. Ta ce, "Ka ga gawarsa?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, tashi ka je ka huta, ka sha hanya." Ba ta karɓi gaisuwar mutuwa daga kowa ba. Matar da aminin ya bari ta jira iya jiranta, daga baya alƙali ya ba ta dama ta yi aure. Uwar kuwa duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ta sa an baibaye ɗakinsa da sabuwar ciyawa. Na yi wayo na tarar da ɗakin, a share, da tabarma naɗe a jingine. Takarda ɗaya mai hatimi da ta ce wane ɗan wane ya rasu rana kaza a wuri kaza, da ta ishe ta ta yi kuka ta huta. Ta rasu tana sauraren sallama.

Shi Baba ya ci gaba da soja, a lokacin da ƙasa ta rasa yadda za ta yi da dubban mutanen da ta danƙa wa bindiga. Bariki bai ɗauke su ba, wasu a bacoci na kwano da katako, wasu a makarantun da aka karɓe. A irin wannan baca aka haife ni. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo ce da mijinta ya zo da ita daga bakin daga. Irinta suna da yawa a bariki, wasu da yardarsu suka zo, wasu ba a tambaye su ba, kuma 'ya'yansu su ne abokan wasanmu. Yau suna da jikoki a Kaduna da Jos da Kano. Zancen rage sojoji ya yi ta yawo, har yana cikin ƙorafin da su Dimka suka fake da shi suka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976. Rage-ragen da aka yi bayan haka shi ya biyo ta kan Baba. Ya fito da takardar sallama da lambobin yabo da tabon ƙuna, ba shi da sana'a sai riƙon bindiga da tsayuwar dare. Gadi ya samu a wata masaƙa a Kakuri, ya yi ta yi har masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. A shekarun nan da wuya ka shiga ma'aikata a Kaduna ka rasa ɗan mazan jiya a bakin ƙofa, yana buɗe wa mota, yana sara wa yaran da ba su san da wace ƙafa ya taka Abagana ba.

Manyan hafsoshi sun rubuta nasu. Akwai littattafai daga ɓangaren tarayya, akwai daga na Biyafara, wasu ma an rubuta su ne don a ƙaryata na wani: wa ya ci Fatakwal, laifin wa ne aka rasa Owerri a 1969, wa ya kamata a yaba wa kan yadda aka ƙare. Na karanta da dama, ban kuma raina su ba. Sai dai a cikinsu ubana adadi ne kawai: an tura mutum kaza, an yi asarar mutum kaza. Kuma da Turanci suke, harshen da yawancin waɗanda suka yi zaman ramin ba sa karantawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mai wannan waƙar kuwa ba kasafai ake ce masa ya rera ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Bahaushen da ya mutu a dajin Bama a 1944, yana yi wa Sarkin Ingila yaƙi a Runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, sunansa na nan sassaƙe a dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, lambarsa da ranar rasuwarsa kuma suna cikin rajistar da jikansa zai lalubo a intanet yana zaune a Funtuwa. Ba yabon 'yan mulkin mallaka nake ba, sun yi wa baƙar fata rashin adalci har a kabari, kuma a 2021 su da kansu suka amsa haka. Amma dai sun rubuta wani abu. Wanda ya ƙone a Abagana yana yi wa ƙasarsa yaƙi, danginsa ba su da bangon da za su je su ɗora hannu. Amurkawa ma sun yi tasu basasar daga 1861 zuwa 1865, amma har gobe tattaɓa-kunnen farabiti kan rubuta wa ma'ajiyar tarihin ƙasarsu a Washinton a aiko masa da kwafin fayil ɗin kakansa: ranar da ya shiga, kamfanin da ya zauna, raunin da ya ji, har takardun da matarsa ta cike tana neman fansho. Tamu ba ta cika shekara sittin da ƙarewa ba.

To, ga roƙona, ranka ya daɗe. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75, kuma kullum ana jana'izarsu. An saba tara su domin tantancewa, a duba hoto, a ɗauki zanen yatsa, a tabbatar suna raye, su watse. Me zai hana a ajiye tebur ɗaya a gefe, da na'urar ɗaukar magana da wani matashi mai haƙuri, a ce, Baba, ba mu labari? Wanda ba ya iya fita a bi shi gida. Ya yi da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ce ko Tibi ko Angas, a fassara daga baya. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya tana nan tun 1964, tana da rassa a jihohi, ta san ƙofar gidan kowa. Sassan tarihi na jami'o'inmu cike suke da ɗalibai masu neman abin rubutawa. A ajiye kwafi a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda aka jera motocin sulke da jirage da ogbunigwe, ƙarafa zalla, babu muryar waɗanda suka riƙe su.

Sai dai a kula da yadda za a tambaye su. Tsohon soja in ya ga hafsa a ɗaki ƙamewa zai yi, ya maimaita abin da ya san ana so a ji: mun yi yaƙi don Nijeriya ta zama ɗaya, shi ke nan. A fitar da mai anini a kafaɗa daga ɗakin. A tabbatar masa abin da zai faɗa ba zai taɓa fanshonsa ba, kuma in ya so a ɓoye sunansa har sai bayan ransa, a yi masa haka. A tambaye shi me ya ci, wa ya binne, me ya yi nadama a kai. In ya yi shiru a bar shi da shirunsa, kada a kashe na'ura. A tambayi matan ma, waɗanda suka jira a ƙauye da waɗanda aka zo da su daga Gabas.

Sannan takardu. Soja ba ya motsi sai da takarda. Duk wanda ya shiga Defo an rubuta sunansa da na ubansa da garinsu, an ba shi lamba, kuma duk wata sai an kira suna kafin a biya albashi. An yi yaƙin cikin gaggawa, wasu takardun wuta ta ci, wasu gara. Abin da ya rage a fito da shi a ɗauki hotonsa, a buɗe ofis ɗaya da ɗa ko jika zai kai lamba ko suna a gaya masa abin da aka sani. A buga sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace, jiha-jiha, a aika wa hakimai da dagatai da limamai da fastoci su duba su cike giɓi. Ko bai cika ba a fitar da shi haka. Da babu gara ba daɗi. Yaran da ke kwana a Sambisa da dazukan Zamfara yau, da yawansu jikokin su Baba ne, kuma suna kallon abin da ya rage na kakanninsu.

Na san abin da wasu za su raɗa maka: kada a fama tsohon gyambo. Ni da ke tsayawa gaban allo kullum ina gaya maka gyambon bai warke ba, tsumma aka ɗaura masa. An yi shekaru ba a koyar da tarihi a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Ɗalibaina sun san yaƙin basasa, amma a Facebook suka koye shi, wurin yaran da ke zagin juna suna kiran a sake gwabzawa. Ban taɓa jin wanda ya kwana a rami yana wannan kira ba. Baba in ya ji samari na cika baki a kan yaƙi, tashi yake ya bar musu tabarmar.

In kuma za a yi, a yi har da na wancan ɓangaren. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, gwamnatin Obasanjo kuma a 2000 ta mayar da korar sojojin da suka bi Biyafara ta zama ritaya. Yaron da ya harba abin da ya sami tankar Abagana, in yana raye, tsoho ne yanzu, mai yiwuwa shi ma ba ya jure ƙaurin babbaka. Ina so a ji ta bakinsa. Yafiya ba hurumina ba ce, tana hannun waɗanda aka yi wa. Ni so nake in san abin da ya gani daga inda yake kwance.

Ba zan ɗora wa hukuma duka ba. Ni da nake da takardar digiri, da rakoda a ɗaki, na zauna da mutumin nan shekara da shekaru ina cewa sai an yi dogon hutu zan zaunar da shi. Hutun da na samu na zaman makokinsa ne.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Takardar sallama, lambobin yabo da ƙyallensu ya koɗe, hoto ɗaya da ya ɗauka a Zariya da kai a aske, sai wata wasiƙar ajami a ninke cikin leda. Amininsa ne ya sa shi ya rubuta wa uwarsa, kwana kaɗan kafin Abagana, ba a sami mai tafiya gida ba. Ina lafiya, a gai da kowa, a gyara mini ɗaki kafin damina. Na daɗe ina juya abin da ya hana Baba ya ba ta. Ina jin ya ga ɗakin ne, ya san in ta ji wannan babu mai sake gaya mata komai.

Lambar amininsa ba ta cikin akwatin. Amma ina da sunansa da na ubansa da na ƙauyensu, na san shekarar da ya shiga Defo, na san rundunarsa da inda ya tsaya. Ƙanwarsa tana raye, idonta ya tafi amma kunnenta garau. In akwai rajistar da sunansa ke ciki, ranka ya daɗe, a gaya mini ƙofar da zan je in yi sallama, in kwafo in kai in karanta mata.

Wassalam. Allah Ya ƙara girma.

Naka,
Ɗan wani kofur,
Kaduna.